Citta, Zafi da Yarda: Nazari Kan Kayan Mata a Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan yaji a kasuwar Dutsin-Ma, wadda mutanen Kurfi da Safana da ƙauyukan kewaye ke ci, zai ga citta mai yatsu busasshiya a tsibe cikin kwano, kusa da kanumfari da masoro da kimba da barkono. Ba a noma ta a wannan yanki. Daga kudancin Kaduna take zuwa, daga Kachia da Jaba da Kagarko, shi ya sa da cuta ta afka wa gonakin citta a can a shekarar 2023, tsadarta ta iso har tukunyar mai kunu da teburin mai shayi a tsakiyar Katsina. Cittar da ake dakawa a yaji, a jefa a zoɓo da fura, ita ce kuma ke shiga tsumi da gumba da dahuwar kazar amarya, wato abin da ake kira kayan mata ko kayan da'a, Sakkwatawa da Zamfarawa kuma su ce hakin maye. Abin da wannan nazari ke son tabbatarwa shi ne, al'adar kayan mata tana da tushe mai kyau muddin ta tsaya a kan abin ci da abin sha. Inda ta karkace shi ne inda aka mayar da zafi da raɗaɗi wani nauyi da mace ke ɗauka ita kaɗai a ɓoye, ba ta san abin da ta sa a jikinta ba, mijin da ake yi dominsa kuma bai san ana yi ba.

Matsayin citta a wannan al'ada ya samo asali ne daga yadda Bahaushe ya raba lafiya tsakanin zafi da sanyi. A wurinsa sanyi ke kashe jiki, ya kawo kasala da ciwon mara da ɗaukewar sha'awa, abu mai zafi kuma ke korar sa. Wannan tunani ne ya haifar da wankan jego da kunun kanwa da yajin mai jego. Littattafan addini sun ƙara masa ƙarfi: Alƙur'ani ya ambaci citta a cikin abin shan 'yan Aljanna a Suratul Insan, Ibnul Ƙayyim kuma, wanda ya rasu a 1350, ya lissafa ta cikin abubuwan da ke taimakon narkewar abinci da saduwar aure. Idan biki ya matso, yaya ko gwaggo ko mai gyaran jiki takan wanke kaza, ta cusa mata dakakkiyar citta da kanumfari da sassaƙe, ta dafa a rufe har ƙashi ya yi laushi, a ba amarya ta cinye ita kaɗai ta shanye romon. Ana haɗa mata da madara da dabino da aya da kwakwa, a hana ta aikin wahala. Yarinyar da aka ciyar da nama da madara na makonni, aka bar ta ta huta, manya suka zauna suka yi mata bayanin abin da ke gabanta, dole a ga canji a jikinta da hankalinta. Ba sai an jingina wannan ga wani sirri ba.

Zafin citta kuwa gaskiya ne, kimiyya ta bayyana yadda yake aiki. Ɗanyar citta na ɗauke da sinadarin jinjarol, wanda idan ta bushe wani ɓangarensa kan rikiɗe ya koma shogawol, mai tsananin yaji fiye da na farko. Waɗannan sinadarai suna taɓa wata kafa a jikin jijiyoyin jin zafi da ake kira TRPV1, wadda David Julius da abokan aikinsa suka gano a 1997 ta hanyar binciken barkono, aikin da ya sa ya samu lambar Nobel a 2021. Asalin aikin wannan kafa shi ne gargaɗi: ita ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa zafi ya haura kusan digiri 43, jiki na gab da ƙuna. Idan an sha citta, yawu da abinci suna sirka ta, sai a ji ɗumi mai daɗi da ɗan gumi. Idan ta taɓa fata mai laushi irin ta al'aura, babu abin da zai sirka ta, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa saƙon ƙuna ne.

Turawa sun daɗe da sanin haka. Ƙamus ɗin Francis Grose na 1785 ya bayyana yadda dillalan dawaki a Ingila ke cusa wa doki citta a dubura don ya ɗaga wutsiya ya yi ta rawar jiki, mai saye ya ɗauka ƙarfi ne, alhali azaba ce. A yau ƙungiyoyin wasan dawaki sun haramta wannan a matsayin zalunci ga dabba. Dabarar ta sake ɓullowa a tsakanin manyan mutane a Turai da Amurka masu abin da ake kira BDSM, waɗanda ke haɗa sha'awa da raɗaɗi da miƙa wuya bisa yardar juna, inda ake fere ɗanyar citta a yi amfani da ita don a ji ƙunarta. Shari'ar da mutanen Katsina ke bi ta haramta kusantar mace ta dubura, don haka ba zancen koyi ake yi ba. Abin lura shi ne masu wannan harka suna kiran raɗaɗin da sunansa, saboda haka suka gindaya masa sharuɗɗa. Tun daga 1983 wata ƙungiyarsu a birnin New York ta yaɗa ƙa'idar cewa abin ya kasance babu haɗari, a cikin hayyaci, kuma da yarda. Ana tattaunawa kafin a fara, kowa ya san abin da za a yi amfani da shi, a kuma ajiye kalma ɗaya wadda da zarar an furta ta komai ya tsaya. Duk da haka kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta yanke a 1993, a shari'ar Brown, cewa yarda ba ta wanke wanda ya ji wa wani rauni a irin wannan wasa.

Idan aka ɗora matsi a kan wannan ma'auni, giɓin ya fito fili. Matsi shi ne ɓangaren kayan mata da ake cusawa ko a shafa a farji, ko a zauna a ruwansa, don a samu ƙanƙancewa da ɗumi. Ana sayar da shi a 'yar kwalba ko ƙullin leda, gari ko dunƙule ko mai, galibi babu rubutun abin da ke ciki. Haɗe-haɗen da ke yawo a WhatsApp da bakin masu talla sukan ƙunshi bagaruwa da kanumfari da miski da tafarnuwa da sauran kayan yaji. Farji kuwa yana da tsarin kare kansa: yana da ɗan tsami da ma'auninsa ke tsakanin 3.8 da 4.5, wanda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke riƙe da shi, su hana masu cutarwa zama. Abu mai yaji ko mai tsotse ruwa yana busar da wurin, ya kumbura fatar, ya bar ƙananan tsage-tsage. Wannan kumburi da bushewa ne ake fassarawa da cewa magani ya yi aiki. Wani nazari da mujallar PLoS Medicine ta buga a 2011, wanda ya tattara bayanan mata kusan 15,000 a Afirka kudu da Sahara, ya sami alaƙa tsakanin cusa abubuwan busarwa ko matsewa da ƙaruwar haɗarin kamuwa da HIV. Ƙaiƙayi da fitar ruwan da ke biyo baya kuma sai a ce sanyi ne, a koma wurin mai kayan a sayi maganin sanyi mai zafi, ciwo ya ci gaba da ciyar da kasuwa.

Za a iya cewa ai babu wanda ya tilasta wa macen, da kuɗinta ta saya, da hannunta ta sa. Wannan hujja ta manta da yanayin da ake sayen. Sunayen da masu talla ke laƙaba wa kayansu, daga masu alkawarin mallaka zuwa masu alkawarin sa kishiya tagumi, sun nuna cewa tsoro ake sayarwa: tsoron a yi mata kishiya, tsoron kishiya ta fi ta, tsoron saki a ƙasar da zawarci ke jefa mace da 'ya'yanta cikin ƙunci. Matar da ta jure ƙuna don kada gidanta ya mutu ta yi lissafi ne na neman tsira. Sannan yarda tana buƙatar sani, wadda ba ta san abin da ke cikin ƙullin ba ba za a ce ta yarda da shi ba. Shi ma mijin, abin yana taɓa fatarsa ba tare da an shawarce shi ba. Idan ta ji zafi a lokacin saduwa, babu wata hanya da al'ada ta tanadar mata ta ce a dakata, domin tun ranar kai amarya haƙuri aka yi mata huɗuba da shi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Kayan mata na daga cikin 'yan wuraren da matan Hausa ke magana a kan jikinsu da jin daɗinsu ba tare da namiji ya sa baki ba, sana'a ce kuma da ke ciyar da zawarawa da matan kulle masu yawa. Wanda ya nemi a share ta baki ɗaya zai rufe bakin mata ne, ya kuma kashe musu jari. Wannan gaskiya ne, shi ya sa gyara ya fi hani. Amma sana'ar ta yau ta bambanta da ta kakanni. A da, tsohuwar da ta haɗa wa yarinya tsumi a Kurfi 'yar unguwa ce, an san gidanta, ta san uwar yarinyar, idan abu ya ɓaci akwai wanda za a tambaya. Yau kaya na zuwa a motar haya daga hannun wadda lambar waya kawai aka sani. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana yi wa magungunan gargajiya rajista, sai dai rajistar ba shaida ba ce cewa maganin na yin abin da aka ce yana yi, mafi yawan ƙulle-ƙullen matsi kuma ko ƙofar hukumar ba su taɓa zuwa ba. An sha kama magungunan ƙarfin maza da ake cewa na itatuwa ne zalla da sinadarin sildenafil a ɓoye cikinsu, babu dalilin da zai sa a ɗauka kasuwar mata ta fi ta maza amana.

Hujja ta uku ita ce kunya: wai bai dace a kwatanta al'adar aure da fasadin wasu mutane ba, bai ma dace a yi zancen a fili ba. Amsa ita ce ma'aunin da ake nema yana nan cikin fiƙihun da ake karantawa a zauruka da Islamiyyun Dutsin-Ma. Hana cutar da kai da cutar da wani ƙa'ida ce babba a shari'a, zaman aure an gina shi a kan kyautatawa, mazhabar Malikiyya kuma ta ba mace damar neman alƙali ya raba aure idan ta tabbatar ana cutar da ita. Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Idan mutanen da ba su jingina da wahayi ba sun ga wajibcin a tambayi mutum kafin a sa masa abin da zai ƙona shi, gidan Musulmi ya fi cancantar wannan ladabi.

Hanyar gyara tana kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, na iya sayen samfuran matsi daga kasuwannin yankin ta auna abin da ke cikinsu, ta bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Ma'aikatan awon ciki da ungozomomi da malamai mata na Islamiyya na iya koyar da bambanci ɗaya mai sauƙin riƙewa: abin da ake ci ko sha daidai gwargwado yana da hurumi, abin da ake cusawa kuwa sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Masu sana'ar da ke da gaskiya za su ci riba idan suka rubuta abin da suka haɗa a jikin kwalba. Nauyi mafi girma dai yana kan maza, domin su ake neman farantawa. Mijin da ya iya tambayar matarsa ko tana jin zafi, ya kuma dakata idan ta ce e, ya rage mata buƙatar rabin abin da ake tallata mata, kuma wannan ba ya cin ko kwabo.