Mai Murya Da Mai Almakashi: Yadda Muka Kalli Fim Ɗin Jaguar A Kégué



Da babban hutu ya matso, na yi wa yaran da nake koyarwa da yamma a nan Kégué, cikin birnin Lome, alkawarin za mu yi aikin sharhin fim kafin a koma lakwal. Su goma sha ɗaya ne, maza da mata, duk 'yan sakandare: Hausa a gida, Faransanci a aji, Mina a kasuwa. Na fara da gwaji. Na ce kowa ya rubuto mini shafi ɗaya a kan fim ɗin Kano da ya fi so. Abin da suka kawo duk kanwar ja ce. Yaro ya kwashe labari tun daga farko har ƙarshe, sannan ya rufe da cewa fim ɗin yana koyar da haƙuri, ko yana nuna illar kishi. Ban ga laifinsu ba, don mu manya ma haka muke yi. Yawancin abin da muke kira sharhi, labari ne aka maimaita aka ɗora masa wa'azi. Ba wanda ya gaya mini inda kamara ta tsaya, ko inda aka yanke hoto, ko muryar wa muke ji lokacin da muke kallon fuskar wani.

Sai na ga ba zan gyara wannan da fim ɗin da suka riga suka haddace ba. Ina bukatar wanda ɗinkinsa ke waje, yadda ko makaho ya shafa zai ji zaren. Shi ya sa na ɗauko Jaguar na Jean Rouch.

Rouch Bafaranshe ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a can ya haɗu da Damouré Zika, suka yi abota ta har abada. A 1954 zuwa 1955 ya bi samari uku da kamara daga kasuwar Ayorou, a bakin kogin Kwara, zuwa Gana, lokacin tana Gold Coast a hannun Ingilishi. Damouré ne mai ilimin boko da iya baki, Lam Ibrahim Dia Bafulatani makiyayi, Illo Gaoudel kuma masunci. Ci-rani za su, irin wanda ya kawo kakannin rabin yaran ajina bakin teku. Sun ratsa arewacin Dahome, suka gangaro har teku, suka biyo gaɓa zuwa iyakar da ke jikin Lome. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Ba Hausawa ba ne su ukun, na sani, amma duk wanda ya tashi a zango ya san Bazabarme da Bafulatani da Bahaushe tabarma ɗaya suke zama a nan.

Ranar farko ban nuna musu fim ɗin duka ba. Na ɗauko fitowar kan iyaka kawai, na kashe sauti. Ga samari a gaban 'yan duwan ba su da takardu, an hana su wucewa, sai suka zagaya ta bayan ofis, ta bakin ruwa, suka shige. Yaran sun san wurin, don wasunsu sun sha raka iyayensu mata Aflao sayen kaya. Na tambaye su me suka gani. Wata ta ce tsoro ta gani, mutane uku marasa gata a ƙasar da ba tasu ba. Wani ya ce shi wulaƙanci ya gani. Na maido fitowar, wannan karon da sauti. Sai ga aji ya ɓarke da dariya, saboda muryoyin da ke kan hoton raha suke yi, suna ba da labarin abin kamar wata dabara da suka yi wa hukuma suka ci riba. Hoto ɗaya, ma'ana biyu. Ban ƙara ko kalma ba, na bar su da shi suka kwana.

Dalilin wannan kuwa a cikin kayan aiki yake. Kamarar da Rouch ya riƙe ƙarama ce mai fim na milimita 16, wadda ake wa wani kamar agogo, kuma ba ta ɗaukar sauti tare da hoto. Bebe aka ɗauko fim ɗin. Sai bayan shekaru aka zaunar da Damouré da Lam a gaban majigi, suna kallon kansu suna magana, aka naɗa aka ɗora. Da na yi wannan bayani, wani yaro ɗan mahauci da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe fassarar Algaita ce." Aji ya sake dariya, amma ni na rubuta maganarsa a allo. Ya gano abin da na yi shekaru ban kula da shi ba. Wanda ya saba kallon fim ɗin Indiya da aka ɗora wa Hausa a Kano ya riga ya san cewa mai murya yana iya mai da kuka wasa, ya mai da baƙo ɗan unguwa. Bambancin kawai, a Jaguar mai hoton ne da kansa yake fassara kansa.

Wanin kamarar nan ba ya wuce kamar daƙiƙa ashirin sai ya ƙare. Don haka da wuya ka ga hoto ɗaya ya kai rabin minti. Na sa yaran su riƙa buga tebur duk lokacin da hoto ya canza, a fitowar da Damouré ke tafiya a titin Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Ya samu aiki a wurin 'yan katako, ya zama ɗan gaye, ga tabarau ga sigari, yana taku yana waige, wato ya zama "jaguar" ɗin da fim ya ci sunansa, sunan da aka aro daga motar nan ta Ingila. Tebur ya sha bugu. Kuma abin da na so su lura da shi ke nan: gajartar hoton ce ta ba tafiyar rangaji. Ana tsinke shi a nan, a tsince shi a can, kamar birnin ne ke juyawa don ya kalle shi. Da a ce kamara ta tsaya wuri ɗaya ta bi shi minti biyu, da saurayi kawai za mu gani yana yawo cikin rana da aron tabarau. Gazawar na'ura ce ta zama salo. Rouch kuma a hannu yake riƙe ta, ba a kan ƙafa uku ba, shi ya sa muke jin kamar mu ne na huɗunsu a tafiyar.

To, a nan ne ni da fim ɗin muka fara saɓawa, kuma ba zan ɓoye ba.

Ranar da muka kalle shi duka, na gayyato wani dattijo maƙwabcinmu da ya zo bakin teku ci-rani tun yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, kafin Allah ya buɗa masa. Ya zauna shiru har aka gama. Wata jikarsa da ke ajin ta ce, "Kaka, haka kuka yi?" Ya ce hanyar dai ita ce, kasuwar Kumasi ma ita ce, amma shi bai ga yunwa a ciki ba, bai ga wanda aka binne a hanya ba, bai ga wanda kunya ta hana shi komawa gida ba. Ya ce, "Wannan labarin da ake ba 'yan mata ne bayan an dawo."

Ina ganin dattijon nan ya yi sharhin da ya fi nawa. Ɗora murya bayan shekaru ya ba su Damouré damar su mallaki maganarsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da Bature ne ke yi wa baƙar fata bayani a kan kowane fim. Amma mutum in ya tsira ya dawo, ya zauna yana kallon wahalarsa ta da, dariya yake yi mata. Muryar tana shafe zafin da hoton ya ɗauko. Dubi Illo a tashar jiragen ruwa ta Accra, inda jirage ke tsayawa nesa ana jido kaya da kwale-kwale cikin igiyar ruwa. Aikin da ke karya ƙashin baya ne. Hoton ya nuna haka, amma Illo ba shi ne mai bakin fim ɗin ba, masu Faransanci a baka su ne suka riƙe labari. Haka matan da aka gamu da su a hanya: muna ganinsu, muna jin abin da samari ke faɗa a kansu, su ba mu ji daga gare su ba. Sannan a ƙarshe, bayan duk surutun, almakashi yana hannun Rouch. Shi ya zaɓi abin da za su kalla su yi magana a kai. Abin da bai ɗauka ba, ko ya ɗauka ya zubar, ba su da bakin faɗarsa.

Ba ni na fara wannan ƙorafi ba. A 1965 Ousmane Sembène na Senegal ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. A kan Jaguar dai ina ganin maganar ta yi tsauri, don ƙwaro ba ya yi wa mai kallonsa ba'a, Damouré kuwa yana yi. Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Oumarou Ganda. Shi ne ɗan dakon Abijan a fim ɗin Rouch na 1958, Moi, un Noir, inda shi ma ya ɗora murya a kan hotonsa. Bai tsaya nan ba. Ya karɓi kamara da almakashi, ya yi Cabascabo a kan tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, yaƙin da shi kansa ya je, kuma a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Cabascabo ma dawowa ya yi da kuɗi kamar su Damouré, abokai suka taya shi cinyewa. Amma inda Jaguar ya nuna rabon tsaraba a matsayin ranar girma, Ganda ya tsaya ya nuna washegari.

Me ya sa na damu haka? Saboda a 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa bayan gari ta arewa. Iyayenmu suna ba da labarin wannan unguwa kullum, layi-layi, gida-gida, amma a gidajenmu ba mu da hotonta mai motsi ko na minti ɗaya. Yaran nan kuwa kowannensu yana da kamara a aljihu wadda ta fi ta Rouch sau ɗari. In ba su koyi ganin hannun da ke bayan hoto ba, za su ci gaba da karɓar duk abin da aka nuna musu game da kansu, su ce yana koyar da haƙuri.

Ga yadda muka tsara aikin. Ba wanda zai rubuta a kan fim duka. Kowa zai ɗauki fitowa ɗaya da ba ta wuce minti uku ba, ya kalle ta ba sauti, ya saurare ta ba hoto, sannan ya haɗa. An hana ba da labari fiye da layi biyu, an kuma hana kalmar "darasi" gaba ɗaya, abin da ya jawo mini gunaguni. Dole kowa ya faɗi abu ɗaya da aka bari a wajen hoto, da dalilin da ya sa yake ganin an bar shi. Da Hausa za a rubuta, ko da za a sha wahalar neman kalma. Mun riga mun yi rabin awa muna gardama ko "yanka" za mu ce ko "tsinke". Wanda ya gama da Jaguar zai koma kan fim ɗin Kano da ya kawo da farko, ya yi masa irin wannan kallo, har da waƙoƙin, tunda su ma a situdiyo ake rera su, jarumai su bi da baki.

Jikar dattijon nan ta ƙi zaɓar fitowa. Ta ce ita tana so ta kai kakanta bakin ruwan Aflao ta ɗauke shi da waya, hoto ashirin-ashirin na daƙiƙa kamar na Rouch, ba sauti, sannan ta zaunar da shi ya yi magana a kai, ta ga ko shi ma dariya zai yi. Na ce wannan ba sharhi ba ne, fim ne. Ta ce, "Malam, ai kai ka ce Ganda da fim ya ba da amsa." Na ce ta fara tambayo mahaifinta, kuma kada ta kuskura ta nuna waya kusa da 'yan duwan. Kakan ya yarda, da sharaɗin ita za ta biya kuɗin mota.