Gajeren Fim da Idon Mai Galahanga

Wani abokina mai shagon tura fina-finai a waya a Gashua ya ce da ni, duk fim ɗin da zai ƙare shayi bai huce ba, talla ce kawai. Na bar shi da ra'ayinsa, tun da shi da yawan zango yake auna kaya. Mutumin da ya saba da Labarina da Izzar So, mako bayan mako, dole minti goma ya yi masa kama da ɗanɗano.

Amma da gajere aka fara. Borom Sarret na Ousmane Sembène, wanda ya fito a 1963, bai wuce minti ashirin ba. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962, ya biyo da gajerun fina-finan zane. Mu ne a fim ɗin Hausa muka ɗauko doguwar hanya daga Turmin Danya na 1990, har ya zama labari ba ya sayuwa sai an raba shi na ɗaya da na biyu, an cusa waƙa uku.

Abin da nake so a gajeren fim shi ne tsayawa. A kafa kyamara a kan abu ɗaya, a ƙi ɗauke ta, a bar kunne ya yi aiki. Sembène ya nuna haka a Borom Sarret: muna bin mai amalanke a unguwannin talakawan Dakar da kiɗan gida, yana shiga unguwar masu hali sai kiɗan ya koma na Turawa. Ba wanda ya tsaya yi mana lacca a kan talauci. Da a wajenmu ne, sai an zaunar da mutum biyu a falo sun yi minti bakwai suna bayyana abin da ido ya riga ya gani.

A Kumagannam, can ƙaramar hukumar Yusufari, na ga wanda ya iya wannan tsayawa ba tare da kowa ya koya masa ba. Ɗan yayata ne, shekararsa goma sha shida, yana da lalurar da likitoci ke kira otizim, mu kuma muke cewa galahanga, kalmar da muka mai da buhu muna zuba lalurori iri-iri a ciki. Ba ya son haɗa ido, hayaniyar ranar kasuwa tana sa shi toshe kunne. Na ba shi wayata don ya bar ni in huta. Ya tafi gindin katanga inda iska ke taro rairayi, ya ɗauki minti huɗu cur bai motsa ba. Da farko ba ka ganin komai. Can sai ka lura yashi na hawa kan wani tsohon silifa, ƙwaya-ƙwaya, yana cin maɗaurinsa. Daga nesa ana jin guga na bugun bakin rijiya, sai kukan jaki, sai ganyen goruba na kaɗawa. Kafin hoton ya ƙare rabin silifan ya ɓace. An sha taro a kan kwararowar hamada a arewacin Yobe, ban taɓa jin jawabin da ya kai wannan silifa ba.

Masu suka za su ce ai wannan ba labari. To mene ne labari, in ba abu ya kasance a wani hali ya koma wani ba? Wasu kuma za su ce sa'a ce. Ya sake yi washegari, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ya gyara tsayuwarsa don inuwarsa ta fita daga hoton. Wanda ya gyara kuskuren jiya da gangan, aiki yake yi.

Duniyar fim ta daɗe tana son mai galahanga a gaban kyamara. Dustin Hoffman ya ci Oscar da Rain Man na 1988, Shah Rukh Khan ya sa gidajen kallonmu hawaye da My Name Is Khan a 2010, Priyanka Chopra ta yi nata a Barfi! a 2012. Dukansu kwaikwayo suka yi. Namu ya fi muni, don mutum mai irin wannan hali a fim ɗin Hausa yawanci dolo ne da aka kawo a yi dariya. Ni a bayan kyamara nake son ganinsa, da takarda a hannu, shi ne marubuci, shi ne darakta. Temple Grandin, farfesa ’yar Amurka mai wannan lalura, ta rubuta littafi a 1995 tana bayyana cewa da hotuna take tunani. Ba dukansu ne haka ba, amma lura da ƙananan abubuwa, da kaifin ji, da jure maimaita abu har ya daidaita, halaye ne da ake yawan samu a wurinsu, kuma su ne jarin darakta.

Dogon fim ne ke korarsu. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san yadda yake: janareta na ruri, mutum talatin na magana lokaci guda, jaruma ta makara, furodusa ya sauya labari da tsakar rana. Wanda sauyin tsari ba zato ke rikita shi ba zai kai la'asar ba. Gajeren fim kuwa mutum uku sun isa, kwana biyu, waya mai kyau da makirfo ɗaya. Ana rubuta kowace fitowa tun daga gida, a ba kowa tasa takardar, darakta ba ya bukatar ɗaga murya. In ya gaji da magana ya nuna da yatsa a kan takarda.

Yaron nan yanzu ya cika littafin makaranta mai shafi arba'in da jerin abin da zai ɗauka in hunturu ya shigo, kowane da sa'arsa. Fitowa ta tara tana bukatar tsohuwa mai tankaɗe. Kakarsa ta ce sai an biya ta goro.