Wa ke magana? Murya da harshe a finafinan Mati Diop

1. Gabatarwa

Wannan ƴar ƙasida za ta duba abu guda a aikin Mati Diop, wato wa ake bai wa bakin magana a silima, kuma da wane harshe. An haife ta a birnin Pari a 1982. Mahaifinta shi ne mawaƙin Senegal Wasis Diop, baffanta kuma Djibril Diop Mambéty, mai Touki Bouki (1973). An fara saninta a matsayin ƴar wasa a 35 rhums (2008) na Claire Denis, inda ta fito a Joséphine, ɗiyar wani direban jirgin ƙasa. Magana kaɗan ce a fim ɗin, shiru da kallo ke ɗauke da labarin. A ganinmu, wannan horo ya bi ta lokacin da ta koma shirya nata finafinan.

2. Atlantique (2019)

Wasu matasa magina a Dakar sun yi watanni ba a biya su ba, suka shiga kwalekwale zuwa Ispaniya, teku ta cinye su. Da dare sai su dawo su hau ƴan matan unguwa, kamar yadda iska ke hawan doki a bori, su je gidan mai aikin neman haƙƙinsu. Da wannan fim Diop ta zama baƙar mace ta farko da ta shiga babbar gasar Cannes, ta kuma samu Grand Prix.

Mai karatu a Nijar zai tuna Les Maîtres fous (1955), wanda Jean Rouch ya ɗauka a Accra tsakanin ƴan Hauka, ƴan ci-rani daga ƙasarmu. A can, sharhin Rouch cikin Faransanci ke fassara wa mai kallo abin da jikin da aka hau yake nufi. A Atlantique babu mai sharhi. Matattu da kansu ke faɗin bashin da suke bi, cikin harshen Wolof. Ƙarfin fim ɗin ke nan.

3. Dahomey (2024)

Fim ɗin, wanda ya ci Ours d'or a Barlin, ya bi kayan tarihi 26 da sojojin Dodds suka kwashe daga Abomey a 1892, Faransa ta maido wa Benin a Nuwamban 2021. Mutum-mutumin Sarki Ghezo, mai lamba 26, yana magana cikin harshen Fon daga cikin akwati. Amma marubucin Haiti Makenzy Orcel ne ya tsara kalmomin, aka fassara su, aka sarrafa muryar da na'ura. Ashe sharhin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, sai dai ya saka rigar kakanni. Haka nan muhawarar ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi, wadda Diop ta shirya: akasarinta da Faransanci aka yi, har wasu ɗaliban suka koka da hakan.

4. Kammalawa

Ba mu ce Diop ta yi yaudara ba, domin ta bar kukan ɗaliban a fim ɗin alhali tana iya yanke shi. Abin da muke cewa shi ne matsalar da Atlantique ya warware, Dahomey nuna ta kawai ya yi. Ya kamata masu nazari su riƙa tambayar wa ya rubuta muryar da suke ji, musamman mu da ke aiki tsakanin Hausa da Faransanci.