Mai share fage bai san enum ba

Yanzu duk wanda ya fara rubuta manhaja da C, huɗubar farko da ake yi masa ita ce ya bar #define ya koma enum. Shawarar ba ta da laifi. Kwamfaila ta san sunayen enum, kuma in kana farautar kuskure suna za ka gani, ba tsurar lamba ba. Inda nake da ja shi ne ƙaurar da ake yi rabi da rabi: a kwashe sunaye a zuba cikin enum, a bar #if tana gadin ƙofa.

Kafin kwamfaila ta ga komai, akwai mai share mata fage, wanda aikinsa yanka rubutu da liƙawa. Shi bai taɓa jin labarin enum ba. Kuma ƙa'idar C ta ce duk sunan da bai gane ba a cikin #if, ya ɗauke shi sifiri. To a ce kana da SAURI da TSIMI a enum, ka ɗora YANAYI a kan SAURI da #define, sannan ka rubuta #if YANAYI == TSIMI. Sifiri da sifiri ya gani, sai ya ce daidai ne. Sashen da ba ka so shi za a gina, ko tari ba wanda zai yi. Na taɓa shafe kwana biyu ina zargin wata 'yar na'ura da lalacewa, ashe ita abin da aka ba ta take yi. Kwamfailar GCC tana da -Wundef da ke tona wannan asiri, amma sai ka kunna da kanka.

Kukan ba sabo ba ne. Tun 1992 Henry Spencer da Geoff Collyer suka yi rubutu kan yadda #ifdef ke mayar da manhaja sarƙaƙiya. Masu Linux sun ɗauki hanyar da ta fi kwanta mini: a sa IS_ENABLED a cikin if na yau da kullum. Kwamfaila ta karanta rassan biyu, ta kama kuskuren da ke ciki, sannan ta zubar da wanda ba a bukata. Reshen da #if ta yanke kuwa, zai shekara biyar yana ruɓewa ba wanda ya leƙa shi. C++17 ma ta zo da if constexpr don irin wannan aiki.

Ni dai na bar wa #if wurare biyu: hana a shigo da fayil ɗaya sau biyu, da inda Windows da Linux suka raba hanya har ɗaya ba ya iya karanta na ɗaya.