Zamani Riga Ne, Ba Fata Ba

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana ta Turawan Ingila da mushenmu na Ingilishi ya rubuta mana a allo: "a product of his time". Wai mutum, zamaninsa da gidan da ya tashi su ne suka ƙera shi. Tun ran nan ta kama bakinmu a fada. Wani ya faɗi jarabawa, a ce zamani. Wani ya faɗa shan ƙwaya, a ce zamani. Ni dai maganar nan ba ta kwanta mini ba.

Ban ce ƙarya ce ba. Wanda ya tashi a Diffa ya san abin da zamani ke iya yi. Ran 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana kamun kifi, aka tsayar da cinikin tattasan Komadugu, wanda shi ne jarin gidaje da yawa. Ɗan kabu-kabu ya wayi gari ba sana'a. Ƙauyuka suka tashi suka dawo bakin kwalta cikin bukkoki, makarantu da dama suka rufe. Har mu ƴan Fulatari, da muke nesa da bakin kogi, mun ji a jikinmu, don makiyayi ba ya iya kai dabbobinsa tafkin Chadi kamar da. Wanda ya ce wannan bai taɓa halinmu ba, bai faɗi gaskiya ba.

Inda na rabu da maganar shi ne kalmar "product". Kayan masana'anta ke nan, kamar sabulu. To, wa ya taɓa tuhumar sabulu? Wa ya taɓa yaba masa?

Ku ɗauki tubabbun Gudumariya. A Disamba 2016 Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya ba da sanarwar karɓar waɗanda suka ajiye makami, daga baya aka tara su a can ana koya musu sana'a. In zamani ne ya ƙera su, ashe ba su da laifi, kuma matar da aka kashe wa miji ba ta da wanda za ta tambaya. Sannan abin da aka riga aka ƙera ai ba ya tuba, don haka cibiyar ma aikin banza ce. Maganar da muke zaton tausayi ce, ta danne haƙƙin wanda aka zalunta, ta kuma rufe wa mai tuba ƙofa.

Kuma ina za mu sa saurayin da aka yi wa tayin babur da kuɗi ya ƙi? Ƙauyensu ɗaya da wanda ya karɓa, yunwarsu ɗaya. Ina za mu sa yarinyar da ta yi bitar BEPC da tocila cikin bukka?

Hausa ta fi adalci a nan. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ta kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ta bar mana duka biyun, ba ta ce ɗaya ta isa ba. Da ta zo kan zamani, riga ta kira shi. Ba mu muka ɗinka tamu ba, kuma wallahi ta matse mu. Amma wanda ke cikin rigar shi ake kira da suna.

Saboda haka in mun zo rubuta labarin tsararmu a wannan ɗan littafi, mu faɗi abin da 2015 ta yi mana ba ragi. Daga nan mu faɗi abin da kowa ya yi da hannunsa.