Gwanintar Riƙe Linzamin Taro a Cocin Episkopal

Sau ɗaya a shekara, kowace dayosis ta Cocin Episkopal a Amurka takan tara wakilanta wuri guda. Dayosis yanki ne da ke ƙarƙashin bishop guda, wani lokaci jiha sukutum, wani lokaci ɓangarenta. Limaman yankin suna da kujerunsu, kowace ikilisiya kuma ta turo wakilai daga cikin membobinta: malamar makaranta, manomi, lauya, dattijo mai cin fansho. Cikin yini ɗaya ko biyu za su amince da kasafin kuɗi, su zaɓi 'yan kwamitoci, su gyara dokoki, su tafka muhawara, su kuma yi ibada. Ɗaruruwan mutane ne, kowa da ta cewa. Abin da ke burge ni shi ne yadda ake tashi da sakamako a hannu, ba a yi taron tsintsiya ba shara ba.

Tsarin ya samo asali ne bayan Amurka ta ƙwaci kanta daga Ingila, lokacin da mubaya'a ga sarkin Ingila ta daina yiwuwa ga limaman cocin. A 1782 wani limami a Filadelfiya, William White, ya ba da shawarar a dama da membobin da ba limamai ba wajen mulkin coci. Aka yi babban taro na farko a 1785, aka kafa tsarin mulki a 1789. Tun daga nan bishop ba ya kafa doka ko yanke kasafi shi kaɗai. Shi ne uban gida a sauran ranakun shekara, amma ranar taro sai ya ajiye ra'ayinsa ya zama mai raba magana. Wannan sauyin matsayi shi ne wuyar aikin.

Dayosis da yawa suna da nasu ƙa'idoji, inda suka gaza kuma a koma ga littafin ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert. Shi injiniyan soja ne. A 1863 aka ce ya jagoranci wani zama a cocin Baptis da ke New Bedford, taron ya kuɓuce masa, ya sha kunya. Kunyar ce ta sa shi nazari har ya fitar da littafinsa a 1876.

Ga yadda abin yake a zaure. Wakili ya miƙe ya gabatar da ƙuduri, a ce a ƙara kuɗin tallafa wa ƙananan coci-coci na karkara. Sai an sami mai mara masa baya kafin a saurare shi. Ana cikin muhawara wata ta kawo gyara: a rage adadin. Wani ya tashi ya kawo gyara a kan gyararta. Yanzu magana uku ke rataye, kuma ƙa'ida ta ce nan za a tsaya, babu gyara a kan gyaran gyara. Dole shugaba ya riƙe ukun a kansa, ya san wadda ke gaban taro a wannan minti, ya tsayar da duk wanda ya zarce zuwa wata. In an zo ƙuri'a, daga ta ƙarshe ake farawa a dawo baya. Gwani ba ya kiran ƙuri'a sai ya maimaita abin da za a kaɗa a kai kalma da kalma, ya faɗi abin da "e" za ta haifar da abin da "a'a" za ta haifar. Wanda bai ƙware ba a nan yake tuntuɓe, sai rabin zaure su ɗaga hannu ba su san me suka amince da shi ba.

Sauran ƙa'idojin kamar ƙanana ne, amma su ne ke kashe wuta. Ba a yi wa abokin hamayya magana kai tsaye, sai ta kan shugaba, don haka zafin ba ya sauka a fuskar kowa. Ana karɓa-karɓa tsakanin masu goyo da masu adawa. Ba ka magana sau biyu alhali akwai wanda bai yi ko sau ɗaya ba. Wadda ta fi kwanta mini ita ce ta rufe muhawara: rinjaye kaɗai bai isa ba, sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Wato masu yawa za su iya kayar da kai, amma ba za su toshe maka baki da sauƙi ba.

Bishop ba shi kaɗai ke wannan ba. Kusa da shi akwai lauyan dayosis, da masanin ƙa'idojin taro mai raɗa masa mafita in an cije, da sakatare. A gaskiya rabin aikin an gama shi makonni kafin ranar, lokacin da kwamiti ke tace ƙudurori.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce zaɓen sabon bishop. Limamai suna kaɗa tasu daban, sauran wakilai daban, kuma sai ɗan takara ya yi rinjaye a ɓangarorin biyu a zagaye guda. In limamai sun karkata gabas, jama'a sun karkata yamma, a sake. A 1988 sai a zagaye na 8 dayosis ta Massachusetts ta zaɓi Barbara Harris, wadda a 1989 ta zama mace ta farko da aka naɗa bishop a ɗarikar Angilika ta duniya. Ku yi tunanin riƙe zaure mai cike da gajiya da zullumi har zagaye takwas.

Ba na cewa ƙa'ida tana ɗinke kowace ɓaraka. Da waɗannan hanyoyin ne taron dayosis ta San Joaquin a Kalifoniya ya kaɗa ƙuri'ar ficewa daga cocin a 2007, bayan saɓani mai zurfi kan koyarwa, Pittsburgh da Fort Worth suka biyo baya a 2008, aka kwashe shekaru ana shari'a kan kadarori. Tsarin taro ba ya sauya zuciya. Iyakarsa ya tabbatar an ji kowa, an ƙirga daidai.

Cocin Angilika na Najeriya ya raba gari da na Amurka, wato Cocin Episkopal, amma tushen tsarin ɗaya ne: dayosis irin su Kaduna, Kano da Wusasa suna yin sinod, inda bishop ke jagoranci, limamai da sauran wakilai ke zama, da lauya a gefe. Duk mai shugabantar ƙungiyar unguwa, ko ta 'yan kasuwa, ko ta tsofaffin ɗalibai, Musulmi ne ko Kirista, in yana da maƙwabcin da ya taɓa zama wakili a sinod, ya neme shi ya tambaye shi yadda suke tafiyar da gyara a kan ƙuduri.