Takardar Tambayoyi da Bakin Mutane: Tsokaci Kan Yadda Ake Koyar da Tattara Bayanai

Tun da na ajiye aikin gwamnati na dawo gida Badariya, ba a cika yin wata guda ba ɗalibi bai yi mini sallama ba, riƙe da ƙunshin takardun tambayoyi, yana neman taimako kan kundinsa na nazarin zamantakewar al'umma. Ina murna da zuwansu. Abin da ke damuna shi ne irin makamin da aka ba su. Kusan dukkansu hanya guda suka sani ta tattara bayanai, wato a rubuta tambayoyi da Turanci, a tanadi gurbin "e" da na "a'a", a raba, a karɓo, a ƙirga. Wani yaro daga wata makaranta da ba zan ambata ba ya taɓa zama a zaurena ya cike takardu fiye da talatin da hannunsa, don manoman da ya je wurinsu a fadama sun ƙi ba shi amsa. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Baba, malaminmu adadi kawai yake so." Ban ga laifinsa sosai ba.

Malaman makaranta da dattawa sun san dalilin shirun manoman nan. Mutanenmu sun daɗe suna haɗa baƙo mai biro da takarda da haraji da jangali, kuma ko da aka soke waɗannan, tsoron bai fita ba. Sa'an nan ga kunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sau da yawa ma ba ta sa shi cikin lissafi in an tambaye ta 'ya'yanta nawa. Manomi kuwa dami yake ƙirgawa, ko buhu, ko mudu, kuma damin wannan gari ya bambanta da na wancan. To takardar da ta ce ya faɗi kilo nawa ya girbe a kan eka nawa, me za ta samo in ba ƙarya mai lamba ba?

Abin takaici, misalan hanya mai kyau suna nan a ƙasar Hausa, ba a sa ɗalibai su karanta su. Na farko shi ne aikin Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, yayin da mijinta ke binciken tattalin arzikin ƙasar Zazzau, ita ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba a garin Giwa, tana saurare tana rubuta maganarta da Hausa yadda ta fito. Littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. A cikinsa akwai aure da saki, da kishiya, da ƙawance, da bori, da harin bayi kafin zuwan Turawa. Duk waɗannan suna bayan katangar da namiji baƙo ba ya ƙetarewa. Darasin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka shi ne, wanda ya yi tambaya da inda aka yi ta suna canza amsa. Amma littafin yana da iyakarsa, kuma dole malami ya nuna ta: muryar mace ɗaya ce, daga gidan da ya taɓa mallakar bayi, saboda haka labarin bauta da ke ciki daga gefen iyayengiji ya fito.

Na biyu shi ne aikin Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da Rural Hausa a 1972. Wannan baiwar Allah ba ta gudun lamba, ta ƙirga gidajen manoma, ta auna gonaki. Sai dai ta fara sanin gari kafin ta fara ƙirga, kuma wajen bambanta mai wadata da mai ƙaramin ƙarfi ta dogara da hukuncin 'yan garin da suka san rumbun kowa. Da haka ta rushe zaton cewa talakawan ƙauye duk ɗaya suke. A 1986 ma ta rubuta wani littafi, Development Economics on Trial, inda ta soki alƙaluman da ake tarawa a gurguje ana gina tsarin gwamnati a kansu. A ganina wannan littafi ya cancanci shiga manhaja. Duk da haka, Batagarawa ƙasar tudu ce ta gero da dawa da gyaɗa. Wanda ya kwaso tambayoyinta ya kawo su kwarin Rima, inda shinkafar fadama da su ke riƙe da gida, ya sake faɗawa ramin da muke kuka da shi.

A nan Kabi muna da namu rubutun. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka, ya wallafa bayani kan masuntan Kabi a 1942. Yana da amfani ƙwarai, amma mai karatu ya tuna cewa Bature mai mulki ne ke tambaya, talaka ke amsawa. Tarihinmu kuma ya fi kowane littafi koyar da taka-tsantsan. Ka tambayi labarin cin Birnin Kebbi a 1805, ko tawayen Yakubu Nabame a 1849, a wajen dattawan Gwandu, sa'an nan ka tafi Argungu ka maimaita tambayar. Ko kalmar "tawaye" da na yi amfani da ita yanzu, a can ba za a yarda da ita ba, ƙwatar 'yanci za a ce. Ɗalibin da ya ji gefe ɗaya ya rubuta, ya tattara rabin bayani ke nan. Haka bikin kamun kifi: kowa zai gaya maka an fara shi a siffarsa ta yanzu a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, amma abin da masunta ke yi a bakin Matan Fada kafin a shiga ruwa, sai wanda ya kwana cikinsu ya gani da idonsa.

Ban ce a jefar da takardar tambayoyi ba. Na yi aikin ofis, na san ranarta. Abin da nake nema ga malamai shi ne a juya tsarin. Kafin ɗalibi ya rubuta tambaya ko ɗaya, a tura shi ya yi mako biyu a unguwa ko ƙauye, ya gaida mai unguwa, ya faɗi ko shi wane ne da abin da zai yi da bayanin, ya riƙe littafin rubuta abin da ya gani kullum. A fassara tambayoyin zuwa Hausar wurin, da Zabarmanci ko Fulatanci inda ya dace, a gwada su kan mutum goma tukuna. A haɗa ɗalibai maza da mata, don a shiga cikin gida. Wajen ba da maki kuwa, malami ya nemi ganin littafin nan na kullum, da sautin hirar da aka ɗauka, kafin ya dubi jadawalin alƙaluma.